KABARIN DA AKA ƘARA WA TSAWO

Shafi na 14

Na ga saƙonninku, masu cewa na bar ku a tsaye a bakin ƙofar Liyatu. Ku yi haƙuri. Wannan shafin sai da na rubuta na goge, na sake rubutawa. Mai raunin zuciya ya karanta shi da rana, kuma kusa da mutane.

*

Tun da aka sako Danny bai yarda ya zauna a kan kujera ba.

Liyatu ta gwada duk dabarar da ta sani. Ta jawo masa kujerar roba, ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar falo, ta kira fasto ya yi addu'a har muryarsa ta dishe. Da ta juya baya sai ta tarar ƙanin nata ya koma lungun bayan ƙofa ya tsuguna, gwiwa a ƙirji, fuska na kallon bango. Ba ya son a kunna fanka. Ba ya son jin ana zuba ruwa a bokiti. Haka suke zaune cikin zafin Jimeta, ga wuta an kawo, ga fanka a sama kamar hoto.

Su uku aka ɗauke a hanyar dawowa daga sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi. Mijinta Wilson, malamin firamare da ke zuwa koyar da yaran sansanin kyauta. Danny, wanda ke kai shi a kekensa na napep. Sai Muktar mai kemis, ɗan cikin garin Yola, da ke kai musu magani. Hukumar leƙen asiri ta ƙasa ta ce magungunan ba na yara ba ne, na 'yan bindiga ne. Aka shige da su ginin nan mai dogon katanga da mutanen gari ke kira Gidan Shiru.

Muktar gawarsa aka kai wa iyayensa. Danny aka jefar a bakin gada da gajeren wando. Wilson kuwa, an gaya wa lauya wai an mayar da shi babban ofis a Abuja, yana nan lafiya.

Yanzu ga mahaifin Muktar zaune a falonta.

Tsoho ne gajere, siriri, da farar riga wadda ta sha wanki. Hamajoɗa sunansa. Ya ajiye sandarsa a gefen tabarma, ruwan da ta kawo masa ko taɓawa bai yi ba.

"Useko, 'yata, na gode. Ba ƙishi ya kawo ni ba."

"Bappa, ai ka sha hanya. Daga Yola cikin wannan rana."

"Lauya Fibi ce ta ce mini an sako ɗaya daga cikinsu. Na ce ko da rarrafe sai na zo." Ya juya ya dubi bayan Danny. "Tambaya ɗaya ce da ni. Ba ta kotu ba ce, ba ta kwamitin bincike ba."

Liyatu ta sunkuyar da kai.

"Ba ya magana, Bappa. Ni kaina da muka fito ciki ɗaya, in na tambaye shi mijina sai ya ƙara matse bango."

"Bari dai in gwada."

Tsohon ya ja jiki kaɗan a kan tabarmar. Ya sassauta murya kamar mai lallashin jariri.

"Ɗana. Ni ne uban Muktar. Ba zan tambaye ka wa ya doke shi ba, wannan na bar wa Allah. So nake in sani, lokacin da rai zai fita, ya samu ya yi kalmar shahada? Uwarsa ke tambayata kullum. Na rasa abin da zan ce mata."

Ƙuda ɗaya na zagaya bakin kofin ruwan. Danny ko motsi bai yi ba.

Can sai maƙwabci ya ƙara sautin rediyonsa ta bayan katanga. Labaran rana ne. Aka ce kwamitin da zai binciki zargin azabtar da mutane zai zauna a Yola mako mai zuwa, kuma ga abin da shugaban Hukumar ya ce. Muryar shugaban ta fara da Turanci, mai taushi, a natse, kafin mai fassara ya hau kanta.

"Ƙarya ce ake yi mana. A tsawon shugabancina babu jami'in da ya taɓa ɗaga wa wani hannu. Ni ban ma taɓa taka wannan ofishi na Yola ba..."

"Ya zo."

Liyatu ta zabura.

Ta waiga ko'ina kafin ta gane daga lungun bayan ƙofa maganar ta fito. Muryar ba ta Danny ba ce da ta sani, mai surutu da tsokana. Wannan a bushe take, kamar ana jan kwano a kan siminti.

"Danny? Kai ka yi magana?"

"Ya zo, Adda. Muryarsa ce."

Bai juyo ba. Da bango yake magana.

"Ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ya toshe hanci da farin hankici. Ya ce ɗakin ya yi zafi, me ya hana a kunna fanka."

"Sai aka kunna?" Ba ta san me ya sa ta tambaya ba.

"Babu fanka a ɗakin. Ƙugiyarta ce kawai a sama."

Ya jingina goshi da bango.

"Ya ɗaga kai ya ga abin da ke rataye a ƙugiyar. Ya daɗe yana kallo. Sai ya duba agogo ya ce su yi sauri, yana da jirgin yamma."

Idon Liyatu ya kai kan fankar falonta, ta yi maza ta kawar.

Hamajoɗa ya runtse ido, leɓɓansa na motsi.

"Muktar ne a rataye?"

A karon farko Danny ya juyo. A hankali, kamar wuyansa ya yi tsatsa. Ya zuba wa tsohon jajayen idanu.

"Wane Muktar?"

"Ɗana. Mai kemis. Wanda ya rasu a hannunsu."

"Muktar bai mutu ba."

Liyatu ta ji kamar an zare iskar falon gaba ɗaya.

"Danny, ka san abin da kake faɗa? Bappa ne ya binne shi da hannunsa."

"Yaushe?"

Tsohon ne ya amsa.

"Kafin azumi. Ana saura kaɗan a ga wata."

Danny ya girgiza kai.

"Tare muka yi azumin a ciki. Ni da ba musulmi ba ma na yi, tunda babu abincin. Ranar da za su fitar da ni shi ya miƙo mini ruwa a gwangwani. Yana da tabo a gira ta hagu. Yana cewa kwalbar magani ce ta fashe masa yana yaro."

"Innalillahi..."

Hamajoɗa ya laluba sandarsa ya riƙe, ba don ya tashi ba, don dai ya riƙe wani abu.

"Tabon nan ni na kai shi aka ɗinke."

A bayan katanga an koma labarin farashin taki.

Liyatu ta matso kusa da tsohon. Ya kamata ta yi masa murna. Ta nemi murnar a ranta ta rasa.

"Bappa, ba ka ga fuskarsa ba da aka kawo shi?"

"Ba su bari ba."

"Kamar yaya?"

"Da hantsi suka zo, a farar mota marar lamba. An riga an yi masa wanka, an sa likkafani, an ɗaure tamau. Warin wani magani na tashi har yana shiga ido. Suka ce cuta ce mai yaɗuwa ta kashe shi, duk wanda ya buɗe zai kwasa ya kai wa iyalinsa. Uwarsa ta roƙa ko ƙafa ta gani. Suka hana. Mutum biyu suka bi mu har maƙabarta, suka tsaya a kanmu, ba su tafi ba sai da aka mayar da ƙasa."

Idonsa ya tafi wani wuri mai nisa.

"Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar."

"Mene ne?"

"Masu haƙan kabarin yaran unguwa ne, tare suka tashi da Muktar. Ba su buƙaci awo ba, sun san shi. Gajere ne kamar ni." Ya ɗaga hannu ya nuna daidai kansa. "Da muka zo saka shi, sai ya ƙi shiga."

Liyatu ta zuba masa ido.

"Ƙafafun suka tokare. Sai da aka fito da shi, aka ajiye a gefe, aka ƙara wa kabarin tsawo. Ba kaɗan ba. Mutane suna kallona. Na ce musu ai gawa kan miƙe. Ni na faɗa da bakina, don kowa ya yi shiru."

Ba ta so ta duba ba. Idonta ne ya tafi da kansa.

Saman ƙofar falon, inda fenti ya goge ya yi baƙi. Nan Wilson ke dafawa kullum ya sunkuya kafin ya shigo. Yaran makaranta Malam Dogo suke ce masa. Ranar aurensu sai da tela ya ƙaro yadi.

Ta juya ga ƙaninta.

"Danny."

Ya mayar da fuska bango.

"Danny, dube ni."

"Adda, ki bari."

"Wa ke rataye a ƙugiyar?"

"Adda..."

"Na ce wa ke rataye!"

Kafaɗunsa suka fara girgiza. Ba kuka yake ba, babu hawaye. Jikin ne kawai ke kaɗawa kamar mai zazzaɓi.

"Tun safe suka ɗaga shi. Suna so ya ce shi ke kai saƙo daji. Ya ce shi alli kawai ya sani da allo. In ya suma su watsa masa ruwa, ya farfaɗo, su ci gaba. Mu an sa mu tsugune, fuska a bango. Ba ka da ikon juyawa. Sai dai ka ji, ko ka saci kallo da wutsiyar ido."

"Me ka ji?"

"Waƙa yake. Waƙar coci da yarenmu, wadda yake yi wa 'yarku Jemimah in za ta yi barci. Ƙasa-ƙasa. Ogan nan mai turare na shigowa bai daina ba. Ogan ya tambaya me yake cewa, ba wanda ya iya fassara masa."

Danny ya goge bakinsa da bayan hannu.

"Da ogan ya ce su yi sauri, sai suka yi sauri. Waƙar ta tsaya a tsakiya. Na jira ya ƙarasa. Adda, har yau jira nake."

Liyatu ba ta yi ihu ba.

Ta zauna daɓas a kan siminti, ta miƙe ƙafafu kamar ƙaramar yarinya. Abin da ya faɗo mata a rai shi ne shekaranjiya ta je kasuwa ta sayi sabon silifas lamba mafi girma, ta ba lauya ta aika masa Abuja. Wa ya karɓa? Ƙafar wa ke cikinsa yanzu?

"Amma sun ce yana Abuja," ta faɗa a hankali. "Sun ce yana cin abinci."

"Na ji su suna shawara a bakin ƙofa," in ji Danny. "Suka ce malamin nan maganarsa ta yi yawa a gari. Coci na nema, ƙungiyar malamai na nema. In aka ba ku gawarsa za ku kai asibiti, likita ya buɗe, a ga komai. Sai ɗayan ya ce, to a kai wa musulmi mana. Su ba sa kwana da gawa. Kafin la'asar ƙasa ta rufe."

Hamajoɗa ya dafe kai da hannu biyu.

"Sai suka sa masa sunan ɗana."

"Suka ce kuma wanda aka riga aka binne, ba mai sake nemansa."

Tsohon ya daɗe a haka. Da ya ɗago, gemunsa ya jiƙe.

"'Yata."

Idonta na kan siminti.

"'Yata, ni na tsaya a sahun gaba na yi wa mijinki salla. Ni na shiga ramin na karɓe shi. Kowace Juma'a sai na je na zauna a wurinsa, in yi masa hira da Fulatanci, in gaya masa labarin gida. Ashe baƙo nake yi wa."

Ya kawar da kai.

"Ban san da wace fuska zan dube ki ba. Zuciyata na so ta yi murna, kunyarki ta hana ta."

Liyatu ta ɗago. Ita kanta ta yi mamakin tambayar da ta fito daga bakinta.

"Bappa, akwai inuwa a wurin?"

"Akwai. Gindin tsamiya ne."

"Ba ya son rana. Kansa ke ciwo."

"Rana ba ta kai masa sai da yamma lis."

Ta gyaɗa kai. Sai a lokacin hawayen suka zubo, ba sauti, suna bin wuyanta suna shiga riga.



Ita ta fara share fuska. Ta ja ɗankwalinta ta ɗaure da ƙarfi.

"Mutumin nan ya ce bai taɓa taka Yola ba."

Ta dubi ƙaninta.

"Ya ce ba su taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Danny, za ka tsaya gaban kwamitin nan ka faɗi abin da ka faɗa yanzu."

"Za su ce na haukace. Dube ni, Adda. Wa zai yarda da mutumin da ba ya iya zama a kujera?"

"To ƙasa ba ta haukace ba. A buɗe kabarin."

Ta juya ga tsohon. Ta san nauyin abin da ta roƙa.

Hamajoɗa ya shafa gemu.

"Tone kabari ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Za a yi surutu. Wasu za su ce na tsufa na ruɗe." Ya numfasa. "Amma amanar mutane ce a hannuna ban sani ba. Ni zan je wurin liman da kaina. In ya ƙi, in je wurin wanda ya fi shi."

"Na gode, Bappa."

"Kada ki gode mini."

Ya matsa kusa da Danny har gwiwarsa na taɓa tasa. Fuskarsa ta canja. Wani haske ya shigo idonsa wanda babu shi ɗazu.

"Ɗana, yanzu gaya mini. Muktar yana tafiya da ƙafarsa? Yana ci? Suna dukansa har yanzu?"

Danny ya kalli ƙasa.

"Sun daina."

"Alhamdulillahi. Tun yaushe?"

"Tun ranar."

"Wace rana?"

"Sun ba shi riga," Danny ya ce can ƙasan maƙoshi. "Sun ba shi katifa. Ba ya kwana tare da mu kuma."

Tsohon ya ɗan ja baya.

"Me ya sa?"

Kan Danny ya karkata gefe, kamar kare ya jiyo abin da mutane ba su ji ba.

Sai Liyatu ma ta lura.

Rediyon maƙwabci ya mutu. Yaran da ke buga ƙwallo a layi sun yi tsit. Mai tallan ruwan leda da ke kira tun ɗazu ya daina. Duk unguwar Nassarawo kamar an kife ta da kwano, da rana tsaka.

Ƙarar injin mota ce kawai, a hankali, tana matsowa.

Ta tsaya daidai ƙofar gidan.

Ba a kashe injin ba.

Aka buɗe ƙofar mota, aka rufe. Takun mutum ɗaya a kan tsakuwa. Ba sauri, ba gudu.

Kafin Liyatu ta miƙe, Danny ya riga ya juya. Fuska a bango, hannu biyu a ƙeya, goshi manne da siminti. Wandonsa ya jiƙe, ruwan na bin ƙasa zuwa bakin tabarma.

Aka ƙwanƙwasa ƙofar falon. A hankali, cikin ladabi.

"Salamu alaikum."

Sandar Hamajoɗa ta suɓuce ta faɗi.

"Baaba?" in ji muryar. "Baaba, an ce mini kana nan."

Tsohon ya miƙe tsaye ba tare da ya dafa komai ba. Hannunsa a miƙe gaba kamar makaho.

"Muktar... Muktar ɗina..."

Ya yi taku ɗaya.

Hannun Danny ya fito daga lungun ya cafki gefen rigarsa, ya riƙe gam har yadin na ƙara.

"Bappa, kar ka buɗe."

"Sake ni, ɗana ne! Muryar ɗana ce!"

"Na sani."

Danny bai juyo ba. Da raɗa ya ƙarasa, amma Liyatu ta ji kowace kalma.

"Ranar da Wilson ya mutu, shi suka ba igiyar. Shi ya ja."

A waje, hannun ƙofar ya fara juyawa.